Kofin ƙwallon dabino: gwangwani ɗaya na shanye kafin in yi magana

Shekara 23 ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, kuma ban taɓa zama duba takardun yara da daddare babu kofi a gefena ba. Cokali 2 a kofin shayi, in takardun sun yi tudu in ƙara na uku. Bara bayan babbar salla zuciyata ta fara wani irin bugu, barci ya ƙaurace mini, na je asibiti. Likita ya auna ni ya ce hawan jini ya leƙo, in ina son kaina da arziki in rabu da kofi da goro. Goro dama ba ya gabana. Kofin ne ya zame mini kamar yaron da aka yaye da rana tsaka.

Ƙanena ne da ya dawo daga Umra ya ce a Madina ya ga ana sayar da wani kofi da ake yi da ƙwallon dabino, babu abin hana barci a cikinsa. Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Sai ga shi kuwa na ci karo da shi a nan Kano, a wani kantin maganin Musulunci, irin waɗanda ke jera zuma da habbatus sauda da man zaitun har rufi. Kantin tsaf yake, ba ƙura a kan kaya, yaron da ke tsaro kuma bai matsa mini ba, ya bar ni na karanta jikin gwangwanin son raina. Giram 250 ne, ya ce naira 4,000, na taya 3,500 ya sallama ba gardama, abin da ya sa na san ko 3,000 na ce zai bari.

Rubutun jikin gwangwanin shi ne abu na farko da ya ɓata mini rai. Da Turanci da Larabci an jera cewa yana maganin ciwon suga, da ƙoda, da hanta, da daji, yana hana tsufa, yana ƙara ƙarfin mazantaka, saboda wai cike yake da antiyoksidan. An rubuta kalmar da manyan baƙaƙe ja. Amma na juya shi gaba da baya ban ga lambar NAFDAC ba, ban ga ranar da aka yi shi ba, ban ga ranar lalacewa ba, ba a faɗi irin dabinon ko garin da ya fito ba, balle yadda ake dafa shi. Lambar waya kawai da hoton bishiya. Na saya duk da haka, don ni ƙamshin kofi nake nema, ba maganin daji ba.

Daren farko kunya na sha. Na zuba cokali a ruwan zafi na juya kamar yadda na saba da garin kofi, na kai baki, sai na ji kamar na kurɓi ruwan da aka wanke kasko da yashi a ciki. Garin ba ya narkewa. Uwargida tana kallona tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Malam, wannan ai dafa shi ake yi kamar shayin Buzaye, kawo nan." Ta zuba babban cokali 2 a ruwa kofi 2, ta jefa ɗan citta da kanumfari guda 3, ta bar shi yana tafasa a hankali kusan minti 10, ta sauke ya kwanta, sannan ta tace da ƙyalle mai tsabta don rariyar shayi ba ta kama garin.

Nan ne abin ya fito. Launinsa bai kai baƙin kofi ba, ja ne mai duhu, kamar shayin da ya daɗe a buta. Ƙamshinsa na farko kofi ne sak, har sai da na lumshe ido, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙauri mai daɗi irin na ƙanzon tuwo ko gyaɗar da aka soya da yashi. A baki ba shi da ɗacin kofi, ba shi kuma da kaurinsa, ya fi shi tsinkewa. Bayan ka haɗiye sai wani bauri ya kama gefen harshe, ɗan'uwan baurin goro amma bai kai shi ba. Zaƙin dabino kuwa kada ka sa rai, babu ko kaɗan. Da madara ya fi tafiya. Ni yanzu da madara da ɗan kirfa nake shansa, ba sukari.

Kada wanda ya saba da kofi ya yaudari kansa. Wartsakewar nan da kake ji minti kaɗan bayan kurɓar farko ba ta cikinsa, domin babu kafeyin, sinadarin da ke hana barci a kofi da goro da ganyen shayi. Satin farko ciwon kan rabuwa da kofi bai bar ni ba, ina sha ina hamma a kan takardun yara. Abin da ya ba ni shi ne abu mai zafi mai ƙamshi a hannu da ƙarfe 10 na dare, kuma in na kwanta barci ya ɗauke ni. A wurina wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Amma jan rubutun nan na antiyoksidan ya tsaya mini a rai, don kalma ce da nake koya wa 'yan ajin ƙarshe kowace shekara, kuma ga ta an mai da ita kirarin talla. Ga yadda nake gaya musu. Ka yanka yalo ko dankalin Turawa ka ajiye, ka dawo ka tarar wurin yankan ya yi duhu. Ka bar man gyaɗa a buɗe wata da watanni, ya fara maƙaƙi. Ka bar fartanya a waje da damina, ta yi tsatsa. Duk aikin iskar oksijin ne. Irin wannan tsatsar tana faruwa a cikin ƙwayoyin halittar tsiro da na ɗan Adam, kuma antiyoksidan su ne sinadaran da ke tare ta, su sadaukar da kansu a ƙone su maimakon abin da suke karewa. Ka matsa lemon tsami a kan yankakken dankalin nan ka ga ya daɗe bai yi duhu ba.

Tsiro ba don mu yake yin waɗannan sinadarai ba, don kansa yake yi, kuma ya fi yin su in yana cikin wahala. Gishiri yana daga cikin manyan wahalhalun tsiro. Yana hana saiwa jan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take, in ya shiga ganye kuma ya hargitsa aikinsa, tsatsar nan ta cikin gida ta ƙaru. Tsiron da zai rayu a irin wannan wuri dole ya tanadi makamai, cikinsu har da dangin sinadaran da ake kira fenol. Shi ya sa masu bincike suka zuba ido a kan tsire-tsiren ƙasar gishiri, da ma sassansu da ake zubarwa.

Dabino yana cikin bishiyoyin 'ya'yan itace da suka fi jure gishiri. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi, inda ake auna gishirin ƙasa ta yadda ruwanta ke ɗaukar lantarki. A wannan ma'auni albasa tana fara rage yabanya daga 1.2, masara da lemo daga 1.7, shinkafa daga 3. Dabino sai an kai 4 yake fara ji, kuma sai wajen 18 amfaninsa ke komawa rabi, inda albasa ta daɗe da mutuwa. Ban buƙaci jadawali in yarda ba. Kakana marigayi gishirin kantu ya sayar a kasuwar Kurmi, kuma tun muna yara muka san ayarin raƙuman da ke tashi daga wajen Agadas bayan damina, su keta hamadar Tenere fiye da kilomita 500 ta Fachi zuwa Bilma, su kai gero, kaya biyu suke dawowa da su: gishiri da dabino. Wuri ɗaya ke ba da su duka. Lambunan dabinon ba su da nisa da ramukan da ake haƙar gishirin.

Akwai waɗanda suka fi dabino ƙarfin hali nesa ba kusa ba. Ruwan teku a wancan ma'aunin wajen 50 yake, dabino ba zai sha shi ba, amma akwai wani ɗan tsiro mai gaɓoɓi, kore shar, ba shi da ganyen kirki, ana ce masa salikoniya, da ruwan tekun ake yi masa ban ruwa ya girma. A Faransa da Ingila da shi ake cin kifi. A Dubai akwai cibiyar binciken noma da ruwan gishiri da aka kafa a 1999 da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, tana aiki a kan shi da kuma jure gishirin ire-iren dabino. Can ma maganar abin zubarwa ake yi: saman tsiron mai laushi ake ci, to sauran karan da ya yi ƙarfi fa, zubarwa za a yi ko akwai abin tatsa a ciki?

Namu abin zubarwar shi ne ƙwallo. Na ɗauki ɗaya na sa a tafin hannu na dube shi da kyau, abin da ban taɓa yi ba duk da dubban da na tofar. Akwai wata siririyar fata fara da ke lulluɓe shi, kamar bayan albasa amma ta fi shi laushi. Akwai tsaga a cikinsa daga sama har ƙasa, da ɗan zare kwance a tsagar. In ka juya bayansa za ka ga wani ɗan ɗigo kamar an soka allura, ta nan tsiron ke fitowa. Duk wanda ya zauna gaban malamin tafsiri ya san sunayensu: ƙiɗmir ita ce fatar, fatil shi ne zaren, naƙir shi ne ɗigon. Da su Alƙur'ani ya buga misalin abu mafi ƙanƙanta, wanda ba a bakin komai yake ba. Na kira autana na nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, don haddar yake yi bai taɓa ganin abin da ido ba.

Ƙwallon yakan ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin dabino. Duniya tana noman dabino sama da tan miliyan 9 a shekara, Masar da Saudiyya na kan gaba, ka ga ƙwallon kaɗai ya tasam ma tan miliyan guda. Larabawa tun da can sukan jiƙa shi su ba raƙuma da awaki, su ƙona shi su yi kwalli. Mafi yawan jikin ƙwallon harza ce da cikin ɗan Adam ba ya narkarwa. Taurinsa daga wani sinadari ne mai suna manan, shi ne kuma ya sa ƙwallon goruba ya yi taurin da har maɓallan riga aka yi da shi a da. Akwai ɗan mai a ciki, tsakanin kashi 5 zuwa 13, kuma mafi rinjayen man irin wanda ya fi yawa a man zaitun ne. Sai fenol ɗin, wanda awon ɗakin gwaji ya sha nuna cewa ƙwallon ya fi naman dabinon tara shi sosai. Wato ta wannan fuskar, abin da muke tofarwa ya fi abin da muke haɗiyewa.

Baurin da na ji a harshe shi ne shaidar farko. Tanin ke kawo shi, ɗaya daga dangin fenol, shi ne kuma abin da ke cikin bagaruwa da majema ke jeme fata da ita. Na tuna yadda dukawa ke yin kuloko da kashin maƙera, su shafa a jemammiyar fata ta koma baƙa ƙirin: ƙarfe ne ya haɗu da tanin. Sai na ce bari in gwada a gida. Na jera kofunan gilas 3, ɗaya ruwa zalla, ɗaya shayin ganye, ɗaya tataccen kofin dabinon da na tsinka shi da ruwa don in ga canjin launi. Na daka ƙwayar ƙarin jini irin wadda ake ba masu ciki, na wanke jan bayanta tukuna, na raba garin a kofunan. Ruwan bai yi komai ba sai ɗan gurɓata. Shayin ya rine kamar tawadar allo. Na dabinon ya ɗan jima, sannan ya yi duhu mai ratsin kore-kore, bai kai shayin ba amma ba mai musun ya canja. Gwajin ɗakin girki ne, ba ya ba da adadi. Ya dai nuna mini ba garin katako aka soya aka sayar mini ba.

To, daga nan ne ni da mai gwangwani muka raba hanya. Sinadari ya tare tsatsa a cikin kwalbar gwaji daban, ya shiga cikin mutum ya ratsa hanji da hanta ya isa inda ake buƙatarsa daban. Yawancin fenol ɗin da muke ci kaɗan ne ke shiga jini, wanda ya shiga ma jiki ya riga ya sauya masa kama. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa wallafa dogon jerin abinci da makin ƙarfin antiyoksidan na kowanne, 'yan kasuwa suka yi ta talla da shi. A 2012 ta sauke jerin daga shafinta, ta ce babu hujjar cewa makin yana da alaƙa da abin da ke faruwa a jikin mutum. Kafin nan, a ƙasar Finlan an yi gwaji da maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasu ƙwayar beta karotin, sinadarin da ke sa karas ja, wanda shi ma antiyoksidan ne. Sakamakon da ya fito a 1994 ya ba kowa mamaki: ciwon dajin huhu ya fi yawa a cikin waɗanda suka sha, da kimanin kashi 18 cikin 100. Ba cewa nake kofin dabino zai cutar da kowa ba. Cewa nake kalmar da aka rubuta da ja ba ta isa ta zama takardar likita ba.

Kofin gilas ɗin nan da ya yi duhu kuma yana da wani darasi. Yadda tanin ya kama ƙarfe a kofi, haka yake kama shi a ciki, shi ya sa ake hana mai ƙarancin jini shan shayi a kan abinci. Na hana 'yata mai juna biyu shansa kusa da cin abinci ko kusa da ƙwayarta ta asibiti. Mai ciwon suga kuma, don Allah, kada ya ajiye maganinsa saboda gwangwani. In ma ya zuba masa sukari cokali 3 da madarar gwangwani mai zaƙi, to ya san abin da ya sha.

Da gwangwanin ya ƙare na koma kantin, na tarar da mai shi da kansa, dattijo mai fara'a. Na yaba masa kayan, sannan na ce, "Alhaji, wannan maganar daji da ƙoda fa? Wani zai karanta ya bar asibiti." Ya yi shiru, ya ce shi saro shi yake, ba shi ya buga takardar ba, kuma in ba a rubuta haka ba mutanenmu ba sa ɗaga kai su kalli kaya. Na ce ko ranar da aka yi shi a sa, tunda akwai mai a ciki, garin da ya daɗe zai yi maƙaƙi. Wannan ya karɓa, ya ce zai gaya wa masu kawowa. Ya ba ni ruwa, bai ji haushi ba, kuma bai yi ƙoƙarin tura mini wani maganin hawan jini ba duk da na faɗa masa ina da shi. Wannan ya ƙara masa daraja a idona fiye da tsabtar kantin.

Gwangwani na biyu da na saya bai kai na farko ba. An ƙona shi ya wuce misali, ƙauri ya danne ƙamshin, garin kuma da tsakuwa-tsakuwa. Kaya iri ɗaya, takarda iri ɗaya, ɗanɗano daban. Shi ya tunzura ni in yi nawa.

Uwargida tana yin kunun aya na sayarwa, kullum sai ta cire ƙwallon dabino cikin kwano ta watsar. Muka fara tarawa. Wanda aka ɓare da hannu kawai nake karɓa, ban da wanda aka tsotsa. Aka jiƙa shi kwana guda, aka murje sauran naman da farar fatar, aka shanya kwana 4 a kan tire har in ka girgiza yana ƙara kamar tsakuwa. Na soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan, ina juyawa ba tsayawa, kusan minti 40, har ya koma launin ƙasa mai duhu, gidan ya ɗauki ƙamshi maƙwabciya ta aiko tambaya. Sai niƙa. Na zuba a bilendar uwargida ba tare da na tambaye ta ba. Ƙara ɗaya ta yi kamar an harba bindigar toka, haƙori ɗaya ya karye, kofin ya tsage. Kuɗin sabuwa ya fi na gwangwani 5. Muka koma turmi, ƙwallayen suna tsalle suna bin tsakar gida, sai da aka rufe bakin turmin da tsumma aka farfasa su. Mai injin unguwa da ya gani ya ce, "Malam, duwatsu ka kawo mini?" Da ƙyar ya yarda, bayan ya gama niƙan kowa, kuma ya caje ni ninki biyu. Garin farko da ya fito da ƙamshin barkono, na zubar.

Abin da ya rage ya fi gwangwani na biyu nesa, ya yi kusa da na farko. Ƙwallon dabino ɗan Mali da na busasshen nan na Agadas na haɗa. Wani abokin aikina ɗan Dutse, inda reshen binciken dabino na cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, yake, ya yi alkawarin kawo mini na can in kwatanta. Amma na fahimci abin da ake biya a kantin ba ƙwallon ba ne, wahalar niƙan ce, kuma a kan wannan, naira 3,500 da na biya ba tsada ba ce ga wanda ba shi da turmi da haƙuri. In za ka saya, ka ce a buɗe maka ka sunsuna. In ƙamshin gyaɗa da ƙanzo ya fara zuwa, ɗauka. In ƙaurin gawayi ne ko warin tsohon mai, ajiye musu.

Hawan jinina ya sauka, amma ina shan ƙwayar da likita ya rubuta, na rage gishiri a miya, ina taka ƙafa zuwa makaranta, don haka ba zan ɗora wa dabino abin da ban ga ya yi ba. Uwargida har yanzu ba ta huce kan bilendarta ba. Ta dai ajiye wani tsohon bokitin fenti a bakin madafa tana zuba ƙwallon a ciki, ta ce in ya cika ni zan kai inji da kaina, kuma wannan karon mudu ɗaya nata ne, za ta gwada ko masu sayen kunun aya za su karɓa.